Masoro, iska da gicciye: abin da ya haɗa Rum, Habasha da Yaman a Bahar Maliya

A shekarar 1999, masu tonon kayan tarihi da ke aiki a kangon wani gari mai suna Barnike, a gaɓar Bahar Maliya can kudancin Masar, sun tono wata randa a farfajiyar wani gidan bauta. Randar ginin Indiya ce, cikinta kuwa baƙin masoro ne kilo 7 da rabi, ya yi kusan shekara 2,000 a ƙasa. Ba irin masoron da muke zubawa a yajin mai jego ba ne, ɗan'uwansa ne da ke fitowa a kudancin Indiya. A 2022 kuma, a wannan garin dai, aka tono mutum-mutumin Buddha mai tsawon santimita 71 a harabar gidan bautar Isis ta Misirawa.

Gari ne na hamada, ba gona, ba kiwo, ruwan sha ma daga nesa ake kawo shi. Me ya kai kayan miyar Indiya da abin bautar Indiya can? Tambayar ta daɗe tana damuna, domin amsarta ba ta tsaya a Masar ba. Mu da muka tashi da karatun sira mun san sunayen Rumawa da Farisa, Najjashi da Abraha, mutanen Najran da ma'abota giwa, amma muna riƙe su ne ɗaiɗai, kamar ƙwayoyin carbin da igiyarsa ta tsinke. Igiyar tana nan, kuma cikin teku take. A ganina ba za a fahimci dalilin da sarakunan wancan yanki suka zaɓi addinan da suka zaɓa ba, sai an fara sanin wanda ke da jirgi, da wanda ke karɓar kuɗin fito, da wanda ba ya iya ciniki sai ta hannun wani.

Farkon maganar iska ce. Manomin ƙasar Hausa ba ya buƙatar dogon bayani a nan: da damina iska daga kudu maso yamma take zuwa, da hunturu ta juya ta taho daga arewa maso gabas. Haka abin yake a Tekun Indiya, sai dai ƙarfinta ya fi. Daga Yuni zuwa Satumba tana tura jirgi daga bakin Yaman zuwa Indiya, daga Nuwamba kuma ta dawo da shi. Matuƙan Larabawa da na Indiya sun daɗe da sanin haka. Girkawan da ke mulkin Masar ba su gano ba sai wajen shekara ta 118 kafin Miladiyya, kuma ko da suka gano, kaɗan ne ke da zuciyar shiga.

Abin ya canza ne bayan da Ogustus, mai mulkin Rum, ya ci Masar a shekara ta 30 kafin Miladiyya. Sitarabo, masanin ƙasa da ya zagaya Masar 'yan shekaru bayan haka, ya rubuta cewa jirage 120 ne ke tashi zuwa Indiya daga tashar Miyos Hormos ta Bahar Maliya kaɗai. Rumawa ba su ƙirƙiro iska ba. Abin da suka kawo shi ne jari, da kasuwa mai faɗin Bahar Rum gaba ɗaya, da manyan jirage da ake sassaƙa wa katakonsu haƙora a cusa wani cikin wani a ƙarfafa da ƙusa, waɗanda ke iya jure haukan teku a tsakiyar damina.

Dubi wahalar hanyar. A loda kaya a Iskandariya, a hau Kogin Nilu zuwa garin Ƙift. A nan a sauke, a ɗaura wa raƙuma, a ratsa hamada kwana 12 zuwa Barnike, tafiyar dare saboda rana, ana yada zango a rijiyoyin da sojoji ke gadi. Mai karatu zai ce me ya hana a tashi daga arewa, kusa da inda Suwes take a yau? Iska ce ta hana: a arewacin Bahar Maliya kusan duk shekara daga arewa take kaɗawa, jirgin da ke dawowa da kaya sai ya yi ta fama da ita tsakanin duwatsun ruwa. Gara a sauke kayan can kudu a bar wa raƙumi sauran aikin. A watan Yuli ake tashi, a yi kusan kwana 30 zuwa bakin Yaman, a ƙara kwana 40 a tsakiyar teku zuwa Muziris, a jihar Kerala ta Indiya a yau. Komawa sai Disamba ko Janairu. Wanda ya makara ya rasa iska, sai baɗi.

Ribar ce ke sa a jure. Akwai wata takardar bashi da ta tsira daga ƙarni na 2, ta wani jirgi mai suna Hermapollon da ya dawo daga Muziris da hauren giwa da turare da yadi. An yi wa kayan cikinsa kuɗi kusan sestas miliyan 7, sestas kuwa kuɗin Rum ne. A lokacin, albashin sojan Rum na shekara sestas 1,200 ne, ke nan lodi ɗaya ya haura albashin soja 5,000. Hukuma kuwa kashi ɗaya cikin huɗu take yanka na duk abin da ya shigo. Filini Babba, marubucin Rum na ƙarni na 1, ya yi kukan cewa Indiya na kwashe wa Rum sestas miliyan 50 duk shekara, kuma mutane da yawa na ɗaukar kukan nasa a matsayin hujjar cewa cinikin asara ne. Ni ban gamsu ba. Dattijo ne da ke jin haushin almubazzarancin masu kuɗi, bai lissafa abin da ke shiga baitulmali ba, alhali da irin wannan kuɗin ake ciyar da rundunonin da ke tsaron iyaka. Masoro ya shiga jinin Rumawa har aka gina masa rumbuna na musamman a birnin Rum, kuma da Alarik, sarkin ƙabilar Got, ya yi wa birnin ƙawanya a shekarar 408, cikin fansar da ya nema akwai laba 3,000 ta masoro.

Duk hanyar da aka buɗe, akwai wadda aka kashe wa kasuwa. Tun kafin Rumawa, arzikin Yaman lubban ne da mur, waɗanda ayarin raƙuma ke ɗauka ta ƙasa, zango 65 daga Timna ta Yaman zuwa Gaza, kowane zango da mai karɓar rabonsa. Addini ne ke cin wannan haja, domin babu gidan bauta daga Masar zuwa Rum da ba a ƙona turare, haka ma wurin jana'izar manya. Ogustus ya yi kwaɗayin tushen arzikin, ya tura runduna ƙarƙashin Eliyus Galus, ta kai har kusa da Ma'arib, ƙishirwa da cuta suka koro ta. Abin da takobi ya kasa, jirgi ya yi: da lubban ya koma bin ruwa, biranen ayari na cikin ƙasa suka fara ja da baya, Himyarawa masu riƙe da tsaunuka da tashoshin gaɓa suka zama manyan Yaman.

A ɗaya gaɓar kuma wata daula ke tasowa. Wani ɗan kasuwa Bagirke da ya rubuta jagorar tashoshin wannan teku a ƙarni na 1 ya ambaci tashar Adulis, a Eritiriya ta yau, ya ce daga nan kwana 8 ne zuwa birnin Aksum na Habasha, inda hauren giwa ke taruwa, kuma sarkin yankin ya iya karatun Girkanci. A ƙarni na 3 Rum ta shiga ruɗani, yaƙin basasa da annoba da lalacewar kuɗi, jiragenta suka ragu. Aksumawa da Larabawa da Farisawa suka cike gurbin, Barumen da a da yake zuwa Indiya da kansa ya koma saye a hannun dillali.

Wajen shekarar 270 sarkin Aksum mai suna Endubis ya fara buga kuɗinsa na zinariya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin dauloli kaɗan ne a duniyar lokacin ke buga zinariya. Rubutun da ke jiki na Girkanci ne, nauyin kuma an daidaita shi da na kuɗin Rum, wato don baƙon ɗan kasuwa aka yi shi, ba don mai sayen hatsi a kasuwar ƙauye ba. A saman kan sarki akwai jinjirin wata da faifai, alamar allolinsu na gargajiya. Sai a zamanin Sarki Ezana, wajen tsakiyar ƙarni na 4, jinjirin watan ya ɓace, gicciye ya maye wurinsa. Ka ɗauki sulallan Ezana biyu ka jera, na farkon mulki da na ƙarshe: fuska ɗaya, zangarniyar hatsi biyu da ke kewaye da ita suna nan, alamar sama ce kawai ta sauya.

Labarin yadda aka yi shi ma na jirgi ne. Wasu samari biyu 'yan garin Taya ta Lebanon, Furumentiyus da Edesiyus, suna cikin jirgin da ya tsaya a gaɓar Habasha, aka far masa aka kashe mutanen ciki, su kuma aka kai su fada. Suka samu yarda, har Furumentiyus ya zama mai faɗa a ji lokacin da sarki ya rasu ya bar magaji ƙarami. Abin da ya fara yi shi ne neman 'yan kasuwar Rum Kiristoci da ke ƙasar, ya ba su wuraren yin ibada. Daga baya ya tafi Iskandariya ya roƙi Atanasiyus, shugaban cocin can, ya turo musu jagora, shi kuwa sai ya naɗa shi Furumentiyus ɗin. Daga wannan naɗin, cocin Habasha ya ci gaba da zama ƙarƙashin cocin Masar har zuwa 1959. Wanda ya san tarihin Wangarawan da suka iso Kano a zamanin Sarki Yaji ba zai yi mamakin tsarin ba: baƙi 'yan kasuwa su fara yin ibadarsu a unguwarsu, mai ilimi cikinsu ya samu shiga fada, sannan sarki ya karɓa.

A nan ne wasu masu sharhi ke yin gaggawa, su ce ai Ezana ya zama Kirista ne don ya faranta wa Rum, abokiyar cinikinsa, wadda sarkinta Kwanstantin ya riga ya rungumi addinin. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba ce. A shekarar 356 Sarki Kwanstantiyus na Biyu na Rum, wanda ke bin wata fahimta dabam game da matsayin Annabi Isa (AS), ya rubuto wa Ezana da ɗan'uwansa Saizana cewa su mayar da Furumentiyus Masar a sake bincikar aƙidarsa. Ba su mayar ba. Da neman yardar Rum ne kaɗai, da ba a ƙi wannan buƙata ba. Ciniki ne ya buɗe ƙofa, amma abin da ya shigo ya yi saiwa, ya zama nasu, har suka iya ce wa mai ƙarfi a'a a kansa.

Himyarawa sun ga duk wannan daga tsallaken ruwa. Su ma Kwanstantiyus ya turo musu manzo da kyaututtuka, aka gina coci a Zafar, babban birninsu, da kuma Adan. Amma da suka tashi barin gumaka, wajen shekarar 380, ba su bi Rum ba. Rubuce-rubucen da suka bari a kan duwatsu sun daina ambaton tsofaffin alloli, suka koma kiran Ubangijin sama da ƙasa, wanda suke ce wa Rahmanan, da lafazin da ya karkata ga Yahudanci. Babban gidan bautar gunki Almaƙah da ke Ma'arib, wanda aka yi ƙarnuka ana yi wa ziyara, ya zama kufai. Ka sa kanka a matsayin sarkin Himyar: Rum Kirista ce, Aksum da ta taɓa mamaye gaɓarka Kirista ce, Farisa Majusiya ce. Tauhidin da ba na ɗayansu ba shi ne wanda ba zai sa ka zama yaron kowa ba. Ban ce babu imani a zaɓin ba, Yahudawa sun daɗe a Yaman suna da mabiya. Na ce dai a wancan zamani amsa addini amsa ɓangare ne, ko mutum ya so ko bai so ba.

Talakawa ne suka biya kuɗin wannan lissafi. A shekarar 523 sarkin Himyar Yusuf, wanda Larabawa ke kira Zu Nuwas, ya ɗauki Kiristocin ƙasarsa a matsayin 'yan leƙen asirin Habasha. Ya ƙona cocin Zafar, ya tsare gaɓar teku, ya yi wa Najran ƙawanya, ya yi musu alkawarin aminci, da suka buɗe ƙofa ya hallaka waɗanda suka ƙi barin addininsu, maza da mata. Malaman tafsiri da dama suna danganta ma'abota rami da ke cikin Suratul Buruj da wannan ta'asa. Duk wanda ya karanta surar ya san a wane ɓangare tausayin Alƙur'ani yake: wajen waɗanda aka ƙona ba don komai ba sai don sun yi imani. Najran kuwa ba ƙauye ba ce, mahaɗar ayari ce, inda hanyar Sham da ta Iraƙi ke rabuwa.

Labari ya kai Rum da Aksum. A 525 Sarki Kaleb na Aksum ya tsallaka da runduna, da goyon bayan Sarki Jastin na Rum, kuma cikin jiragen da suka ɗauki sojojinsa har da na 'yan kasuwa da aka tattaro daga tashoshin Bahar Maliya. Aka kashe Yusuf, Yaman ta koma hannun Habasha. Firokofiyus, marubucin fadar Rum na wannan zamani, ya lura da wani abu game da jiragen Habasha da na Indiya: ba ƙusa a jikinsu, da igiya ake ɗinke katakon. Ya ƙaryata camfin da ke cewa akwai duwatsu a teku masu fizgar ƙarfe, ya ce dalilin shi ne ba su da ƙarfe, kuma dokar Rum ta yanke hukuncin kisa ga wanda ya sayar musu. Maganarsa ta rashin ƙarfe ba ta tsaya ba, domin Indiya ta shahara da ƙarfe har tana sayar wa Adulis. Jirgin ɗinki fasaha ce mai zaman kanta, yana lanƙwasa idan ya bugi yashi maimakon ya fashe. Amma dokar da ya ambata ta nuna cewa tun a lokacin manyan dauloli na hana ƙawayensu ma abin da zai iya zama makami.

Me Rum ke nema a wannan yaƙi bayan ramuwar jinin Kiristoci? Amsar ta fito fili wajen 531, lokacin da Sarki Jastiniyan na Rum ya aiko da manzo yana roƙon Habashawa, saboda addinin da ya haɗa su, su riƙa sayen siliki a hannun Indiyawa suna sayar wa Rum. Siliki daga Sin yake fitowa, fada da coci ba sa iya rabuwa da shi, kuma duk hanyarsa ta hannun Farisa take bi, wato Rum na zuba zinariya a aljihun abokiyar gabarta. Habashawa suka amsa, amma abin bai yiwu ba. 'Yan kasuwar Farisa sun riga sun kafa zama a tashoshin da jiragen Indiya ke fara tsayawa, suna saye lodi gaba ɗaya kafin wani ya iso. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar ƙauye ya tarar 'yan sari sun tare hanya tun asuba ya san wannan ciwo.

Abin da ya warware matsalar ba runduna ba ce, ƙwai ne. Wajen 552 wasu ruhubanawa suka zo wa Jastiniyan da sirrin cewa siliki tsutsa ce ke saƙa shi, suka koma gabas suka sato ƙwayayenta, aka ƙyanƙyashe su a Rum. Masaƙanmu da suka san zaren tsamiya ba za su ga abin mamaki a tsutsa mai yin zare ba, amma Rumawa sun yi ƙarnuka suna zaton a jikin bishiya ake tsefe shi. Ba a rana ɗaya suka wadatu ba, sai dai daga lokacin darajar Bahar Maliya a idon Rum ta fara raguwa. Ga kuma annobar da ta ɓulla a tashar Felusiyum ta Masar a 541, ta bi jiragen hatsi ta cinye mutane a ko'ina.

A Yaman kuwa, wani kwamandan Habasha mai suna Abraha ya ture wanda Kaleb ya naɗa, ya zauna da ƙafafunsa. Mu a wurinmu sunansa na tafe ne da giwa, amma ya bar dogon rubutu a kan dutse a Ma'arib, na wajen shekarar 548, inda yake ba da labarin gyaran madatsar ruwan da ta fashe. Wannan madatsa ta yi fiye da shekara 1,000 tana tare ruwan kwari tana shayar da gonaki, ita ce ta lambuna biyu na dama da hagu da Suratu Saba ta ambata. Rubutun ya lissafa abincin da aka ciyar da ma'aikata, ya faɗi yadda annoba ta sa aka sallame su na wani lokaci, ya kuma ce wakilan Rum da Farisa da Najjashi da sarakunan Larabawan arewa sun zo gaishe shi. Ya gina katafaren coci a San'a. Littattafan sira sun ce nufinsa shi ne ya karkato da ziyarar Larabawa daga Ka'aba zuwa can, kuma duk wanda ya san cewa watannin ziyara su ne watannin kasuwa da ajiye makami zai gane girman abin da yake nema. Ƙarshen tafiyarsa zuwa Makka sananne ne ga duk yaron da ya kai Alam tara kaifa a allo.

Bayansa gidan bai daɗe ba. A shekarun 570 wani basaraken Himyar, Saifu ɗan Zi Yazan, ya nemi taimakon Kisra, Farisa ta turo runduna ta ruwa ƙarƙashin Wahriz, aka kori Habashawa. Madatsar Ma'arib ta sake fashewa, ba a kuma samun mai gyara ta ba. Bakin Bahar Maliya ya koma hannun Farisa, abin da Rum ta yi shekara da shekaru tana gudu. Da teku ta zama fagen rigima, dauloli biyu kuma suka duƙufa yaƙar juna, ayarin ƙasa ya samu sarari, kuma Ƙuraishawa na cikin waɗanda suka ci moriya, da tafiyarsu ta hunturu zuwa Yaman da ta bazara zuwa Sham.

Hanyar ruwan dai ba ta mutu ba. A shekara ta 5 da aiko Annabi (SAW), wajen 615, shekara guda bayan Farisa ta ƙwace Ƙudus daga hannun Rumawa, wasu Musulmi 'yan ƙalilan, maza da mata, suka sulale daga Makka zuwa Shu'aiba, tashar da Makkawa ke amfani da ita kafin Jidda. An ce musu a Habasha akwai sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa, magajin gadon Ezana da Kaleb. Suka yi sa'a suka tarar da jiragen 'yan kasuwa biyu na shirin tashi, aka ɗauke su a kan rabin dinari. Ƙuraishawa suka biyo sawu har bakin ruwa ba su tarar da kowa ba. Da suka tashi aika Amru ɗan Asi ya roƙi Najjashi ya dawo da masu hijira, sai suka haɗa shi da kyautar da suka san fadar Habasha ta fi so daga kayan Makka, wato jemammun fatu.